Ya'u da Kainuwar Bayan Kamfani

Ya'u mutumin Gaya ne, ba Gaya ta nan Kano ba, ta Nijar, can bakin kogin Kwara. Kamun kifi ya gada, kuma a cikinsa ya so ya tsufa, sai wata irin kainuwa mai kumburarren kara da shuɗin fure ta zo ta baje a kan ruwa kamar ubanta ne ya haƙa kogin. Ta yaga masa taru, ta hana kwalekwale wucewa, ta tara sauro da macizai. Ranar da zai bar gari sai da ya tsaya a gaɓa ya tsine mata tun daga saiwa har fure, sannan ya shiga mota.

A Panshekara ya sauka, ya samu leburanci a wani kamfanin jimar fata da ke Challawa. Aikinsa shara da yankan ciyawa a bayan kamfanin, inda wasu manyan kwatamai suke tara ruwan jima kafin a sake shi. Ruwan baƙi ƙirin ne, warinsa kuwa ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya sauka. Ya'u bai damu ba. A ganinsa ruwan da babu abin da zai tsiro a cikinsa shi ne ruwan kwanciyar hankali.

Wata Asabar ya zagaya kwatami na ƙarshe, sai ga ta nan tana yawo a kan ruwa, koriya shar, har da fure. Ya ce wato har Kano ta biyo shi. Bai tambayi kowa ba, ya ɗauko manjagara ya kwashe ta tas, ya zube a rana, ya tattake, ya tafi gida yana jin ya yi wa kamfani babban aiki.

Ran Litinin aka kira shi. Ashe Salama, injiniyar da ke kula da ruwan kamfanin, wata 'yar Kafanchan mai ƙaramin jiki da babbar murya, ita ta sa aka zuba kainuwar. Ta daɗe tana lallashin manaja kafin ya yarda a gwada. Ta yi masa bayani cewa saiwar tana zuƙe dattin da ya rage a ruwa bayan an tace shi, don kada a riƙa aika wa masu noman rani guba a kogi. Ya'u ya saurara har ta gama.

"Madam, wannan abar na san ta, na san danginta," in ji shi. "Ba ta taɓa yi wa kowa alheri ba."

"To Baba, tunda kun san ta haka, daga yau ku ne mai kula da ita. Ku fara da nemo wata."

Akwai wani kududdufi a bayan unguwar su Ya'u da kainuwar ta rufe ruf, mutane sun shekara suna kuka da ita. Ya'u ya zaci har godiya za a yi masa. Amma da aka ga motar kamfani ta tsaya, ga buhuna, sai mai unguwa Dalhatu ya fito ya ce ko ganye ɗaya ba za a taɓa ba sai an faɗa masa abin da ake yi da ita. Ya'u ya faɗi gaskiya, cewa ruwan ƙazanta za ta sha. Aka yi masa dariya. Kafin la'asar labari ya zagaye unguwa cewa maganin maza ake haɗawa da ita ana kaiwa ƙasar waje. Mai unguwa ya sa aka riƙa gadin kududdufin, shi kuma ya ɗebi tasa a ɓoye ya dafa ya sha. Bayan 'yan kwanaki na soshe-soshe da zaryar bayan gida, ya aiko a gaya wa Ya'u ya zo ya kwashe kayansa, kada ya bar ko saiwa.

Haka Ya'u ya zama mai renon abin da ya koro shi daga gida. Tana cika kwatami ya rage ta, ya shanya, ya binne a rami, don Salama ta gargaɗe shi cewa wadda ta sha ruwan jima ba a ba dabba. Masu kiwon raguna sun sha zuwa bakin katanga suna roƙo, yana korarsu. Kullum da safe da zagi yake gaishe ta, ita kuwa sai ƙara ƙiba take yi. Abokan aiki suka laƙaba masa Sarkin Kainuwa, ya yi fushi har ya gaji ya fara amsawa.

Sannu a hankali ruwan kwatamin ƙarshe ya tashi daga baƙi ya koma kamar shayin da aka yi wa rowar ganye. Wari ya ragu. Wata safiya ya ji kukan kwaɗo a ciki, ya tsaya ya daɗe yana saurare, bai gaya wa kowa ba sai matarsa Atika, ita kuma ta ce in dai kwaɗo ne abin murna, to ya samo musu kifi tukuna.

Bara aka kawo baƙi daga wata ma'aikata su ga aikin. Manaja, wanda da can ko leƙa bayan kamfani ba ya yi, ya zo da babbar riga yana cewa "tsarinmu". Salama ta ce Baba Ya'u ya yi wa baƙi jawabi. Ya jingina manjagara, ya gyara hula, ya ce ranku ya daɗe, kada furen nan ya ruɗe ku, muguwa ce har gobe, kawai dai ta gamu da ruwan da ya fi ta mugunta ne. Ya ƙara da cewa duk wanda ya bari ta tsallaka ta shiga kogi, shi da Allah.

Baƙin suka rubuta. Tun daga ranar, in za a yi baƙi, manaja yakan aike shi Sharada sayo wani abu.