Tudun da Kakata Ta Kira Dutse

Ƙasarmu ta Gumel a shimfiɗe take kamar faifai. Sai da na yi aure na fara ganin dutsen da ya fi na niƙa girma. Amma ina 'yar shekara biyar na sha hawan dutse, in ji kakata, kuma ita ba a musu da ita.

A shekarar ne babana ya kora jakuna zuwa Damagaram sayo kanwa, ya ce kafin shuka zai dawo. Aka yi shuka, aka yi noman fari, aka yi maimai, shiru. Lokacin Turawa ba su daɗe da kafa iyaka a arewa da Maigatari ba, ana ta raɗe-raɗin cewa a ƙetare ana kama fatake da jakunansu a sa su aikin dole. Innata ta rame, amma ita ko ba komai tana da damar shiga ɗaki ta yi kuka. Kakata ba ta da wannan damar, don babana ɗan farinta ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta tambayar labarinsa. In an ɗauko zancensa sai ta tashi ta tafi duba awaki.

Wata Alhamis, ranar da babu karatun allo, ta ƙare mini kallo ta ce wa innata, "Yarinyar nan ta ƙanjame. Iskar dutse take so."

Ni kuwa lafiyata lau, kumatu suntuma-suntuma. Innata ta dube ni, ta dubi surukarta, ta ce, "Haka ne, Iya. Ni ma na lura."

Dutsen nan dai jigawa ce a arewacin ƙauyenmu, tulin rairayi da aduwa guda a ka. Akuya mai ciki takan haye shi ba ta tsaya hutu ba. Ni da innata da kakata muka ɗauki tabarma da ƙwaryar fura da kwaɗon rama muka hau. Na yi ta sulu a rairayi, ina tonon kurkuɗu, ina cin rabon maras lafiya, wato kusan duka. Tun daga ranar, kowace Alhamis da Juma'a muna can.

Kakata kullum arewa take fuskanta, inda hanyar jakuna ta ɓullo. Idonta ya yi yana, don haka sai ta ce, "Ke sarkin kallo, me kike gani can?"

"Ba komai, Iya."

"To. Da ma ba don komai na tambaya ba."

Ran nan na hango jakuna na faɗa. Ta damƙe mini hannu har sai da na ji zafi. Da suka matso, ashe masu itace ne. Ta sake ni, ta ce ina ruwanta da jakunan mutane. Ranar ba ta sha fura ba. Na ji haushin damƙar, amma tausayinta ya fi.

Gero ya nuna, an fara girbi, muna zaune mun ba kudu baya, sai muka ji sallama a bayanmu. Babana ne. Ta garin Gumel ya zagayo, da jaki ɗaya da ya rage masa. Ya tarar da gida babu kowa, maƙwabta suka ce mun tafi dutse, ya ce wane dutse, sai da aka nuna masa da hannu.

Innata ta ja zane ta rufe fuska. Ni na ɗare wuyansa. Kakata ko waiwaye ba ta yi ba. Ya durƙusa ya ce, "Iya, na same ku lafiya?"

Ta amsa wa aduwa. "Lafiya lau. Yarinya muka kawo shan iska."

Ta ce in naɗe tabarma, alhali tana zaune a kai. Ta yunƙura, ƙafa ta ƙi. Ta dafa kafaɗata ta koma ta zauna. Ta ce hawan dutse ba na tsofaffi ba ne, a bari ta huta. Muka jira, babana yana durƙushe a bayanta, har rana ta yi sanyi.

Da Alhamis ta zagayo na ɗauko tabarma tun da hantsi.

"Sai ina?" in ji kakata.

"Dutse, Iya."

"Wane dutse a ƙasar Gumel? Ajiye tabarmar nan. Kin warke."