Karatun direbobi a zaurenmu

Shekarar da muka taso daga ƙauyenmu na wajen Gozaki muka koma Funtuwa, maigidana ya kai shekara goma yana tuƙin babbar mota. Auduga yake ɗaukowa daga kasuwannin Malumfashi da Bakori ya kawo injin gurza. Bai taɓa bankaɗe ko akuya ba, kuma yakan faɗi haka ko ba a tambaye shi ba.

Ana gab da buɗe kasuwar auduga ya dawo gida da wani ɗan littafi, ya ajiye kan tabarma, ya zauna nesa da shi. Ya ce kamfanin da suke yi wa jigila ya fito da sabuwar doka. Lasin kaɗai bai isa ba. Kowace shekara sai direba ya je gaban mai gwaji, a tambaye shi alamomin hanya, a duba idonsa, sannan ya yi ribas tsakanin duro biyu. Wanda ya faɗi, sai ya sauka daga mota har ya ci.

Shi bai yi boko ba. Ni na yi aji uku a makarantar mishan kafin aure, ina iya karanta Hausa idan ba a gaggauta ni ba.

Ya ce, "Ke, ki karanta mini. Amma kada maganar nan ta wuce bakin ƙofa."

Na ce to.

Kullum da la'asar ina ɓarar gyaɗa, littafin na kan cinyata, shi yana kan turmi. In zana alama a ƙasa da tsinke, in ce mene ne wannan. Hoton saniya bai ba shi wahala ba. Na jirgin ƙasa ma haka. Da muka zo kan alamar ƙaramar gada ya ce ba ya buƙatarta, duk gadojin da ke tsakanin nan da Malumfashi ya san su, har ya san wadda katakonta ya ruɓe. Na ce mai gwaji ba gadar zai kawo ba, hotonta zai nuna. Sai ya ce in sake zanawa.

Cikin sati biyu ya haddace rabin littafin. Sai ya je tasha ya fara yi wa abokan aikinsa tambayoyi. Da suka ce ina ya samo wannan ilimi, ya ce ai ya daɗe da shi, bai dai ga dalilin fitar da shi ba.

Ranar Lahadi bayan mun dawo daga coci na tarar da direbobi biyar a zaure. Akwai wani Alhaji, dattijo mai furfura wanda tun zamanin yaƙi yake tuƙi, akwai wani Bayarabe haifaffen Funtuwa, da wasu uku. Sun zo maigidana ya koya musu. Tun a ranar suka fara ce masa Malam.

Idan tambaya ta faɗo a rabin da ya sani, sai ya amsa da ƙarfi har maƙwabta su ji. Idan ta faɗo a ɗaya rabin, sai ya ce bari ya sha ruwa. Ya shigo, ya tsaya bakin randa, ya tambaye ni ƙasa-ƙasa, in faɗa masa, ya koma. Wata rana na lissafa ya sha ruwa sau tara kafin la'asar sakaliya.

A sha na goma Alhajin ya ɗaga murya daga zaure ya ce, "Uwargida, ki taimaka ki matso da randar nan kusa da ƙofa. Malam yana wahala."

Na ɗauki kujerata da ƙwaryar gyaɗa na zauna bayan asabari. Daga nan nake jefa tambaya, su amsa ɗaya bayan ɗaya. Maigidana ya ci gaba da zama a kan kujerar malami, idan na ce daidai ne shi ma ya ce daidai ne. Ba wanda ya sake tayar da zancen.

An yi gwajin a wani fili kusa da tashar jirgi. Ban je ba, matar Bayaraben ce ta ba ni labari, ita kuma mijinta ya ba ta. Su shida duka suka ci tambayoyi. Maigidana bai kuskure ko ɗaya ba, har mai gwajin ya ɗago kai ya dube shi. Ido ma lafiya. Sai ribas. Biyar ɗin suka shige tsakanin duro suka fito. Shi ne na ƙarshe, kuma duk watan bai gwada ko sau ɗaya ba, don ya ce ba a koya wa kifi iyo. Yana sa giya ɗalibansa suka kewaye motar don su taimaki malaminsu. Wannan ya ce dama, wancan ya ce hagu, Alhaji yana cewa taho, Bayarabe yana cewa tsaya. Ya bi maganar kowa. Duron farko ya faɗi, na biyu ya gangara har gindin teburin mai gwaji.

Aka ce ya dawo bayan sati uku.

Da ya shigo gida na ce sannu da zuwa, ya ce yauwa. Na kawo tuwo ya ci. Can ya ce duron nan ba a jera su daidai ba. Na ce haka nake zato.

Sati ukun nan ɗalibansa suna wucewa ta ƙofar gidanmu da auduga, kowa ya danna masa ham don girmamawa. Shi yana zaune yana taya ni ɓarar gyaɗa. Ranar Lahadi Alhaji ya kawo motarsa bayan gari, inda aka gama girbin dawa, don maigidana ya gwada ribas. Ba mu da duro, sai maigidana ya ari tuluna biyu. Da yamma ya dawo mini da ɗaya. Sati na gaba ya ari guga biyu na ƙarfe, suka dawo lafiya, ɗaya da ɗan lotsawa.

Ranar gwaji na biyu ya roƙi abokansa kada kowa ya raka shi. Ya tafi shi kaɗai, ya ci, ya koma kan motarsa kafin audugar Bakori ta ƙare.

Shekarar da ta biyo direbobi goma sha ɗaya suka zo, zaure bai ɗauke su ba, aka koma gindin ɗorawa. Haka muka yi ta yi duk kaka har muka bar Funtuwa. Da kamfani ya ji labari, sai ya aiko wa maigidana takardar yabo saboda koyar da direbobi. Ya kawo mini na karanta masa, ya ce in maimaita, na maimaita. Ya naɗe ta a tsumma ya sa a ƙasan akwatina, don a nasa akwai gara.