Na Ƙi Karkata Igiya a Rawayau

Ana sallame sallar asuba muka bar Dutsin-Ma a tsohuwar motar ofishinmu na aikin gona, ni da oganmu da direba, za mu Rawayau ta ƙasar Kurfi auna yawan geron da gonaki suka yi. Ruwan bana ya cinye hanya, rami na sakinmu wani na karɓa. Muka tsaya karin kumallo a bakin hanya. Ƙosai ya ƙanƙance, kuɗinsa ya hau, mai tuyar kuwa ko a jikinta.

Aikin namu ba wuya. A kafa turke a gona, a ja igiya mai kusurwa huɗu, a yanke geron da ke ciki a auna. Amma ba mutum ke zaɓen inda igiyar za ta fuskanta ba. Kwamfutar da aka kawo mana bara ita ke jefa ƙuri'a, ta fitar da lambobi huɗu, biyu sama biyu ƙasa, su ke faɗin yadda za a juya ta. Ni na tsara mata lissafin, kuma na sha baƙar wuya kafin kowace fuska ta sami rabo daidai.

Mai gonar, wani dattijo, ya tarye mu da ƙwaryar fura. Na juya igiya yadda lambobin suka ce, sai ta faɗa tsakiyar ciyawar wuta-wuta, gero duk ya tsumbure.

Oga ya ɗaure fuska. "Malam, ɗan karkata ta gabas mana, ga mai kyau can. Manya so suke su ga takinmu ya yi aiki."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, in na karkata, rahoto zai ce Rawayau ta ƙoshi, a hana su iri baɗi. Wallahi ba ni taɓa ta."

"Aikinka fa?"

"Yana hannun Allah."

Dattijon ya ce, "Ɗana, kar ka jawo wa kanka saboda mu." Na ce, "Baba, miƙo wuƙa." Muka yanke, ko rabin buhu bai kai ba. Kafin mu ɗaure bakinsa oga ya sa direba ya ja mota, suka bar ni a gonar.

A bayan akori-kura na dawo gida, tsakanin awaki, buhun a cinyata. Abin da na koyo shi ne, sa na'ura ta jefa ƙuri'a abu ne mai sauƙi, tsayawa kan abin da ta fitar shi ne aiki. Yau an ce za a tura ni wani ƙauye can nesa. To, a tura! Can ma gonaki ne, kuma da igiyata zan tafi.