Ramukan da Kaka Ya Tona a Tsibiri

Duk ranar da na tsoma kaza a ruwan zafi zan fige, warin jiƙaƙƙen gashin nan yakan tsayar da ni. Sai hannuna ya daina aiki, ruwa yana hucewa, ni kuma hankalina ya tafi wajen kakana, mahaifin babana, yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana zaɓen gashin zakara ɗaya-ɗaya a kan gwiwarsa. Ka yi haƙuri da ni, mai karatu, ban iya ba da labari da sauri ba.

Kaka masunci ne tun kafin ya zo Jidda. A bakin wani babban kogi aka haife shi a ƙasar Hausa, kuma duk rani a kan yashin tsakiyar kogi yake kwana tare da sauran masu su. Ya zo aikin Hajji, bai koma ba. Shekara talatin yana dako a kasuwa, yana jin warin teku kullum, amma bai taɓa jefa ƙugiya a cikinsa ba. Lokacin da na yi wayo ƙafafunsa sun gaji, sai labari ya rage masa. Bayan la'asar yakan zaunar da ni ya ba ni labarin giwan ruwan da ya fi ni tsawo, da yadda yashi ke yin sanyi da asuba. Amarya yake ce mini, ni kuma in ce ba na auren mai furfura.

Babana direba ne a wani gida a unguwar Abhur. Kafilinsa, wato maigidan da yake wa aiki, yana da wata irin fatsa da ya sayo daga waje, sanda doguwa siririya. Ba a sa mata tana ko wani abinci, sai ƙugiya da aka ɗaura wa gashin tsuntsu. A yi ta kaɗa zaren a iska, a sauke gashin a kan ruwa a hankali, babban kifi ya zaci ƙaramin kifi ne. Da sandar ta tsage aka jefar da ita, babana ya tsinto ya kawo gida. Kaka ya yi dariya har da tari.

"Ashe kifin ƙasar nan ba su da wayo. A kogi ko ɗan tarwaɗa ba zai ci gashi ba."

Amma shi ya ɗaure tsagin da kansa. Ya hana a zubar da gashin duk zakaran da aka yanka a gidan, ya warware jan zare daga wani tsohon mayafi, ya yi wata biyu yana ɗaure ƙugiyoyi yana jera su a gwangwanin madara.

Mahaifiyata, Inna, Bahaushiyar Sudan ce, a bakin teku aka haife ta. Tun da ta shigo gidan ba ta taɓa yi wa Kaka magana kai tsaye ba, ban da gaisuwar safe da take yi a durƙushe, fuskarta a gefe. Ni ce 'yar aike. Yana zaune taku uku daga inda take, sai ta ce, "Ke, gaya wa Baba abinci ya sauka." Shi kuma ya ce, "Amarya, ce mata na ji." Haka muka taso, ba wanda ya ga wani abu a ciki.

Bayan Ƙaramar Salla ta shekarar da nake da shekara tara, babana ya samu hutun kwana uku. A tsakiyar zafi ne, irin zafin Jidda mai manne wa mutum riga a jiki, amma ba shi da wani hutun. Ya shirya da wani ɗan Yaman mai kwale-kwalen inji: zai sauke mu a wani ɗan tsibiri kudu da gari, babana ya wuce tare da shi ya taya shi jan taru a ruwa mai zurfi, su dawo su ɗauke mu washegari da azahar. Duk don Kaka aka yi.

A bakin ruwa babana ya loda jarka uku ta ruwan sha, sannan ya tafi nuna iƙamarmu, takardar izinin zama, a ɗakin masu tsaron gaɓa. Mai jirgi ya dubi kayanmu, itace da tabarmi da tamfol da tukunya, ya fara ƙorafi jirgi ya yi nauyi. Kaka bai yi dogon tunani ba, ya ɗaga jarka biyu ya mayar bayan motar da muka zo da ita.

"Mu ba ma ɗaukar ruwa in za mu yashi," ya ce. "Tonawa ake yi kamu biyu, ruwa ya tsatso mai sanyi. Yashin da ke tace laka, gishiri ne zai gagare shi?"

Inna tana tsaye da ƙanena a baya. Ta sunkuyo kusa da kunnena ta ce, "Gaya wa Baba..." Sai ta yi shiru. Na jira, na ce me zan ce. Ta dubi mai jirgi, baƙo, ta dubi Kaka yana gyara hularsa yana murmushi irin wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ta ce, "Babu komai."

Babana ya dawo, tamfol ya riga ya rufe kayan. A cikin jirgi inji ya hana magana, kuma Kaka ne zaune tsakanin babana da Inna. Da muka isa, babana yana cikin ruwa har ƙugu yana riƙe jirgin kada ya bugi dutse, mai jirgi yana ta yalla yalla a yi sauri, mu muna jidar kaya. Bai ƙirga komai ba. Suka juya suka tafi.

Tsibirin dogo ne siriri, farin yashi, babu bishiya ko ɗaya sai wasu gajerun ciyayi masu kauri. Ta gefe ɗaya igiyar ruwa na dukan duwatsu, ta ɗaya gefen ruwan kwance yake, kore-kore, bai wuce gwiwa ba har nesa. Ƙaguwa suna ta gudu a gabanmu. Muka kafa tamfol a kan sanda huɗu.

Kaka ya koma yaro. Ya buɗe jarkar ya wanke gishirin da ya fantsamo masa a jiki, ya ɗauraye tabarma, ya ɗauraye sandar fatsa, ya zuba mini a ka har na yi ihu. Inna ta ba mu baya tana shayar da ƙanena. Duk ƙarar da jarkar ta yi, sai in ga kafaɗarta ta motsa. Kafin rana ta take, fiye da rabin ruwan ya tafi.

Sannan ya ɗauki kwano ya fara tona. Ruwa kuwa ya tsatso, garau, kamar yadda ya ce. Ya ɗebo da tafin hannu ya kai baki, ya riƙe shi jim kaɗan, ya tofar. Ya ce wurin ya yi kusa da gaɓa. Ya matsa ciki ya tona na biyu, ya tona na uku. Na biyar a tsakiyar tsibirin ya tona shi, har hannunsa ya shige zuwa kafaɗa. Na sa yatsa na lasa. Ba gishiri kaɗai ba, har da ɗaci. Ya zauna a bakin ramin, yashi ya manne masa a gemu.

Inna ta jawo jarkar ta ajiye kusa da ita. Daga lokacin da ƙaramin kofin shayi ake auna ruwa. Ba a dafa shinkafa ba, burodi muka ci. Da na kai wa Kaka nasa kofin, ya ce in ajiye, ba ya jin ƙishi. Har muka kwanta bai sha ba.

Da asuba bayan ya yi alwala da ruwan teku ya yi salla, ya kira ni.

"Amarya, ce wa uwarki kada ta auna da ni yau. Na ɗauki Sitta Shawwal."

Na kai saƙo. Inna ba ta ce in mayar da amsa ba.

Iska ta taso daga arewa tun da hantsi. Kaka ya shiga ruwan nan mai kwanciya da sandarsa. Da farko abin ya ƙi: iska ta cukurkuɗe zaren, ƙugiya ta kama hularsa ta jefa ta cikin ruwa. Na ce masa angon da bai iya ciyar da amarya ba sai a sake shi. Bai rama ba. A nan na fara jin tsoro, domin Kaka bai taɓa barin zolaya ta wuce shi ba. A hankali hannunsa ya gane sandar. Zaren ya riƙa tafiya baya ya dawo gaba, gashin zakara ya sauka a kan ruwa ba ƙara, shi kuma yana jawo shi kaɗan-kaɗan da yatsu. Ya yi kyau, har yanzu ina ganinsa. Amma ba don kamun kifi yake yi ba, nesa da jarka yake so ya tsaya.

Azahar ta yi, jirgi bai zo ba. Ta wajen duwatsu teku ya yi fari da kumfa. Inna ta rage ma'auni zuwa rabin kofi. Ƙanena ya yi kuka har ya gaji, harshena ya yi kauri a bakina.

Wajen la'asar sandar ta lanƙwashe. Sun daɗe suna ja, shi da kifin, ya faɗi a gwiwa sau biyu ya tashi. Ya fito yana jan wani babban farin kifi, irin wanda ake kira bayad a nan. Shekara talatin yana jiran wannan kifin. Ya ajiye shi a gaban tamfol kamar wanda ya sauke kayan wani. Leɓunansa sun yi fari sun tsage, kuma duk zafin nan babu gumi ko ɗigo a goshinsa. Da zai zauna sai da ya dafa kaina.

Rana ta faɗi. Inna ta cika kofi har baki ta ba ni na kai masa. Ya taɓa shi da leɓe, ya yi hamdala, ya miƙe yana tangaɗi ya nufi jarka zai mayar da sauran. Inna ta ɗora tafin hannunta a bakin jarkar. Ta ɗago fuska.

"Baba, ku sha."

Ya juyo ya dube ni, kamar ni na yi magana. "Amarya, ce mata akwai mai shayarwa, akwai yara."

"Ba ita za ta gaya muku ba, ni ce," in ji Inna. Muryarta ba ta tashi ba. "Na ga lokacin da kuka sauke jarkunan. A bakin teku aka haife ni, na san abin da ke ƙarƙashin yashinsa. Na sani, na yi shiru. In laifi ne, tare muka yi shi. In ba ku sha ba ni ma ba zan sha ba, nono ya ƙafe, sai ku san abin da za ku gaya wa ɗanku."

Ya tsaya da kofin a hannu. Iska tana kaɗa tamfol. Sannan ya durƙusa a kan yashi, ya yi bisimilla, ya sha a hankali har ƙasa. Inna ta karɓi kofin daga hannunsa, ba ta hannuna ba, ta ƙara masa rabi. Ya sha. Ya ce mata, "Allah ya yi miki albarka." Muka gasa kifin, amma ba wanda ya ci da yawa, ƙishi ya hana.

Sai da gari ya waye iska ta kwanta jirgi ya iso. Ruwan da ya rage a jarka bai kai yatsa biyu ba. Babana ya yi tsalle ya shigo ruwa da jarka a kafaɗa, domin a hanya mai jirgi ya gaya masa abin da aka bari a mota. Ya ga ramukan nan biyar a jere, ya tambaya ko mene ne. Inna ta ce yarinya ce ke wasa.

"Ni na tona," in ji Kaka.

Babana bai ƙara tambaya ba.

Kaka ya yi shekara huɗu bayan haka kafin ya rasu. Aikina na aike ya ƙare, shi da Inna suka riƙa magana kai tsaye, maganar magani da cefane da ciwon ƙafa. Amma labarin kogi ya tsaya. In na roƙe shi sai ya ce, "Wancan can ne, amarya." Na yi ta roƙo har na gaji na bari. Yanzu in 'ya'yana suka tambaye ni ƙasar kakanninsu, abin da nake da shi bai fi abin da na ji kafin in cika shekara goma ba. Su ma da Larabci suke tambaya, in amsa da Hausa, su gyaɗa kai.

Yau na girmi Inna ta wancan lokacin da shekaru da yawa. Muna zaune a bene a unguwar Aziziyya, teku bai yi nisa ba amma sai in yi wata shida ban gan shi ba. Kwanakin baya na ce wa ɗana ya kai mu wani wuri a gaɓa inda muke shimfiɗa tabarma muna yara, na ce ni zan nuna hanya. Matarsa ta ce, "To, Mama," ta haɗa shayi a fulas, ta sa abaya. Ashe an kewaye gaɓar, muka yi awa guda muna bin katanga, ƙofa bayan ƙofa, kowacce da mai gadi. Matar ɗana kuwa a ƙarshen unguwar nan ta girma, ta san an rufe wurin tun tana makaranta.

Ban yi mata faɗa ba, na gaji. A hanyar dawowa na ce, "'Yata, in kin ga zan yi kuskure, ki gaya mini tun muna gida."

Ta ce, "To, Mama."

Na san ba za ta faɗa ba. Muka sha shayin a cikin mota.