Kobina Essilfie, Mai Tara Kalmomin da Ke Tafiya Tare

Kobina, ranar Talata, goma sha ɗaya ga Maris, 2025, ina bakin teku a Saltpond ina cinikin kifi, Aba, 'yarka ta fari, ta kira ni a waya. Ta ce, "Baba Ato, abokinka ya tafi." Na mayar wa mai kifin kifinta, na kama hanyar gida a ƙafa. Har yau ban tuna ko na amsa wa yarinyar nan ba.

Mu biyar aka kawo koyarwa a makarantar midil ta garin nan a shekara guda. Ni lissafi, kai Turanci. Ukun sun riga mu tun da jimawa, yanzu kuma ka bi su.

Ba ka taɓa yarda yaro ya haddace kalma ita kaɗai ba. Kakan ce kowace kalmar Turanci tana da waɗanda take yarda ta zauna kusa da su, kuma duk wanda bai san wannan ba, ko ya haɗiye ƙamus, da ya buɗe baki za a gane shi. A wurin Bature, in ji ka, ruwan sama nauyi yake yi, shayi ne mai ƙarfi. Hankali biyan sa ake yi. Barci faɗa masa ake yi. Mura kuwa, wai mutum ne ke kama ta. Na ce maka, "To wa ya aike shi? Ya sake ta mana." Ka ce, "Koma wajen lissafinka, Ato, can ne ba a bukatar kunne."

Duk abin da ka tsinta a rediyo ko a jarida, sai ka rubuta shi a ɗan kati ka jefa cikin kwalin takalmi. Da ka yi ritaya kwalaye tara ne. Masu neman aikin jinya, direbobi, mata masu ɗinki da ke son rubuta wa 'ya'yansu wasiƙa, duk sun zauna a barandarka kana juya musu katunan nan. Wanda ya matsa sai ya ba ka wani abu, kakan ce ya kawo dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi, kuma tare da shi za a ci.

Shekara uku da suka wuce ɓarin jikinka ya shanye, magana ta ɗauke. Kana kallon Aba, sunanta ya ƙi fitowa, sai hawaye. Mutane suka zo sati biyu, suka daina, don zama da wanda ba ya amsawa yana da wuya. Wata safiya na rasa abin da zan ce maka, sai na jawo kwali ɗaya. Na karanta rabin kati da Turanci: "Burodi da..." Bakinka ya yi ta rawa, can ka ce, "Bota." Aba ta saki tsintsiya ta fito da gudu.

Daga ranar kullum sai na zo. Ni in fara, kai ka ƙarasa. Bayan wata huɗu na yi maka tsiya da gangan, na dubi hadari na ce da Turanci yau za a yi ruwa mai ƙarfi. Ka buga hannun kujera da hannunka mai lafiya, ka ce, "Shekara arba'in, Ato, har yanzu jaki ne kai." Ita ce cikakkiyar magana ta farko da ka yi. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Kafin ƙarshen shekarar ka kira Aba da sunanta.

Dangi sun sa ranar binne ka a ƙarshen wata mai zuwa, kuma Aba ta roƙe ni in rubuta shafi guda da Turanci a ɗan littafin da za a raba wa mutane a wurin jana'iza. Jiya na zauna rubutawa. A layi na uku na tsaya a kan wata 'yar kalma mai harafi biyu, na kasa tantance wadda ta dace. Na sa takalmi, na ɗauki takardar zan zo in tambaye ka, sai da na kai bakin ƙofar gidana na tuna ba ka nan. Na daɗe tsaye a wurin. Na dawo na zaɓi ɗaya, ban sani ba ko ita ce.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Aba da ƙanenta Fiifi, da jikokinka, da ƙanwarka Maame Esuon wadda ta yi jinyarka ba ta gaji ba. Allah ya ba su haƙuri, ya albarkaci bayanka. Allah ya jiƙanka, Kobina, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutawa. Ni kuma da na rage, ya sa kada jiran ya yi mini tsawo.