Dalar Babanmu Mai Lotsattsen Baki

Ranar wata Juma'a ce cikin damina, shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, watanni kaɗan bayan rasuwar babanmu. Na dawo da ciyawar awaki a ka, sai na tarar da Baffa Idi, ƙanen babanmu, ya zo daga Tsibiri a kan keke, yana tsaye a tsakar gidanmu na Sabon Gari. Inna ta dakata da daka, taɓarya a hannu. Abu ɗaya ya kawo shi: dalar ƙarfe, kuɗin sefa, da ke ƙulle a bakin zanenta.

A kwanakin ne wani ɗan kasuwa mai zuwa Kwatano ya sauka unguwarmu, yana sayen kuɗin ƙarfen da suka fito da nakasa tun daga gidan bugu, wai Turawa ke tara su. Kafin ka ce me, Maradi ta koma maƙera. Na rantse har Jiratawa ana jin ƙarar guduma daga cikin gonakin albasa. Mu yara muka watsar da langa, muka koma dukan kuɗi da dutse; wani abokina ya daki tasa dalar har ta kusa faɗin faifai. Tamu kuwa ba wanda ya daka. Ta babanmu ce, ba ta rabuwa da aljihunsa. Gefenta guda ya lotsa, kunnen barewar da ke jikinta ya shafe, shi ya sa Baffa ya haƙiƙance haka aka bugo ta. "Uwar Sani," ya ce wa Inna, "in dukiya ce, ai gado ce. A saida, a raba."  Inna ta yafa mayafi, muka bi shi wajen ɗan kasuwar.

Mutumin ya shimfiɗa ƙyalle, ya ɗauko madubi mai ƙara girma. Ya fara nuna mana wata mai nakasa ta gaske: barewar ta zame gefe guda, sauran filin sumul, launi ɗaya, bayanta ba kumburi. Ya ce in inji ne ya yi kuskure, ƙarfen kwanciya yake yi lafiya. In hannu ne ya taɓa daga baya, sai ƙarfen ya nemi wurin gudu, ya tashi a gefe, ya bar kaushi da zane-zane. Ya daɗe yana juya tamu, ni kuwa ina jin numfashin Inna a bisa kaina. Can ya ce, "Hajiya, wannan lafiya lau ta fito. An dai shekara da shekaru ana murɗa ƙusa da ita."

Rediyon babanmu. Kullum da la'asar, a gindin bishiyar bedi, da ita yake kwance murfin baya ya gyara batir. Baffa ya yi tsaki ya haye kekensa. Inna ta mayar da dalar ta ƙulle, ƙulli biyu, kuma ranar na fara ganin haƙoranta tun da ta fita takaba.

Yau Inna ba ta, rediyon ma ba shi, bedin an sare an yi shago. 'Ya'yana na nuna mini irin waɗannan kuɗi a waya, suna cewa tawa ko ƙosai ba za ta saya ba, ina taya su dariya. In sun tashi, nakan ɗora babban yatsana a lotsin, in ji ya zauna daidai inda na babanmu ke zama.