Kwalbar da ta iso Gaya cike da ruwan rijiya

Ban taɓa mantawa da ranar da Baba Garba direba ya dire mini wata kwalba a kan tebur ba, yana murmushi kamar wanda ya yi aikin lada.

Ƴan shekaru ne kafin ƴancin kai, ba a gama gadar Gaya ba tukuna, da jirgin fito ake ƙetarowa daga Malanville. Ina sabuwar fitowa daga lakol, makarantar boko, aka ɗauke ni mataimakiya a biro, wato ofishin kamun kifi. Aikina in wanke kwalabe, in zana abin da masunta suka kawo, in duba littafi in gano danginsa. Shef ɗinmu, shugaban biron, Bafaranse ne, masanin ƙaguwa da jatan lande. Saboda shi ne wani abokinsa a Kotonu ya aiko da wata halitta da jirgin kamun kifi ya tono daga laka a can ƙasan teku. Guda ɗaya tak aka samu, kuma ba wanda ya san ko mece ce. Ita ce a kwalbar da Baba Garba ya kawo, kuma da ta iso, shef yana rangadi wajen Zabori.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, irin wannan abu a cikin alkol, wani ruwa mai ƙarfi mai warin giya, ake ajiye shi don kada ya ruɓe. Ina buɗe kwalbar wari ya buge ni. Ruwa ne zalla, har ya yi duhu.

Na ce, "Baba, ina abin da ke ciki?"

Ya ce, "Giyar? Na zubar tun Kandi. Marfin ya yi yoyo, mota duk ta ɗauki wari. Ni da na je Makka da ƙafa zan yi dakon giya? Na sa masa ruwan rijiya mai kyau. Abin ruwa ai ruwa yake so, ɗiyata."

Ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Na ce masa matacce ba ya son komai, kuma ya lalata abin da ba a da na biyunsa. Ya tsaya ya dube ni.

"To wa ya gaya mini? Cewa aka yi, ga kwalba, kai Gaya."

Gaskiyarsa ce, kuma faɗa ba zai hana abin narkewa ba. Na roƙe shi ya je asibiti ya ce wa majo, wato babban ma'aikacin jinya, ina neman alkol na wanke ciwo. Ya ce, "Wanda ake shafa wa mutum kafin allura? Ashe shi ne?" Na ce shi ne. Ya fita da sauri.

Ni kuma na juye halittar a faranti, don cikinta ya riga ya yi laushi, in na jira shef ba zai tarar da komai ba. Tsawonta kamar ɗan yatsa, fara fat, idanunta ƴan ƙanana marasa launi, irin na abin da bai taɓa ganin rana ba. Da farko na ce jatan lande ce, amma hantsakinta na gaba manya ne, ɗaya ya fi ɗaya. Sai na koma kan homar, babbar ƙaguwar teku mai dogon jiki. Littafi ya ce homar tana da hantsaki har a ƙafafu na uku. Na sa gilashin ƙara girma na duba: wannan nata sun tsaya a na biyu, kuma duk gashi ne a jikinsu kamar tsintsiyar share laka. Nan littafin ya kai ni ga dangin da ake kira Axiidae, masu haƙa rami su zauna a ciki. Na zana kai, na zana ƙayoyin goshi da kowace ƙafa.

Baba Garba ya dawo da rabin kwalba. Ya leƙa farantin ya ce, "Duk a kan wannan gyaren kike zagina?" Na ba shi haƙuri. Shi ya riƙe mini mazurari muka zuba.

Da shef ya dawo, ya daɗe yana kallon zanen da abin da ya rage a kwalba. Ya ce dangin daidai ne, amma na rubuta namiji alhali mace ce, ya nuna mini inda ake ganewa. Sunanta na ainihi kuma sai masana na can Faransa, kuma zanena zai tafi tare da ita, tunda wutsiyar ta lalace.

Sai batun wanda zai kai ta Yamai, inda za a aika da ita Faransa. Baba Garba ya ce shi zai kai. Ya toshe marfin da kakin zuma, ya naɗe kwalbar da tsumma, ya ce in rubuta masa ranar da za a ƙara maganin in ya ragu. Magani ya kira shi, kuma haka muka ci gaba da kiransa a biro.

Tun daga ranar, ba kwalbar da ta fita daga hannuna ban zaunar da mai ɗaukarta na nuna masa abin da ke ciki da dalilinsa ba. Ku ma masu irin wannan aiki, ku yi haka. Daga teku zuwa teburinku hannuwa da yawa ne, kuma wanda aka yi wa bayani ba ya zubarwa.